Birkin ƙafa na tsofaffin ƙananan babura: a ina ƙarfin ƙafarka yake zurarewa?

Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon na 1970, an yi yayin wasu 'yan ƙananan babura a Amurka waɗanda tsayinsu bai wuce cinyar babban mutum ba. Ba wani abu ba ne illa bututun ƙarfe da aka lanƙwasa aka yi wa walda, da gajerun tayoyi masu kauri, sai inji mai ƙarfin doki uku zuwa biyar na Briggs & Stratton ko Tecumseh, wato dangin injin nan da muke gani a jikin injin ban-ruwa da na markaɗe. Kamfanin Rupp na garin Mansfield a jihar Ohio ya yi suna a wannan harka, haka ma Taco daga Kalifoniya. Honda ta shigo kasuwar Amurka da Z50A a 1968, ta biyo da CT70 a 1969. Da yayin ya wuce, Rupp ya durƙushe a 1978, baburan kuma suka koma ɗakunan shirgi suna tsatsa.

Yanzu masu sha'awa suna tono su suna gyarawa, kuma kusan kowa da inji yake farawa. A wanke kafireta, a sa sabon filogi, inji ya tashi, sai murna. Birki kuwa sai daga baya ake tunawa da shi, alhali shi ne ya fi cancantar a fara dubawa. Da yawa daga cikin na Amurkan nan birki ɗaya tak gare su, a tayar baya, kuma galibi yara ake ɗorawa a kai. Sannan kulocinsu irin mai kama kansa ne: sai inji ya kai juyi wajen 2,000 a minti yake haɗuwa da sarƙa, da gudun inji ya faɗi ƙasa da haka kuma sai ya saki. Wato a gangara, in ka saki totur, injin ba zai riƙe ka ba kamar yadda giya take riƙe babban babur. Daga kai sai abin da ke ƙarƙashin ƙafarka.

Birkin baya, ko sabo ne, ba shi da rara

Bari mu ɗan yi lissafi da misali. A ce babur da mai tuƙi sun haɗu sun yi kilo 100, tsakanin tayar gaba da ta baya santimita 90, tsakiyar nauyinsu tana santimita 60 daga ƙasa, kuma kashi 60 cikin ɗari na nauyin yana kan tayar baya. Da zarar an taka birki, nauyi yakan karkata gaba, kamar yadda fasinja ke faɗawa bayan direba. Tayar da ke da birkin sai ta yi sakayau, riƙonta da ƙasa ya ragu. Idan ma'aunin gogayya tsakanin taya da busasshiyar kwalta 0.7 ne, lissafin yana nuna babur mai gudun kilomita 40 a awa zai buƙaci kusan mita 22 kafin ya tsaya da birkin baya kaɗai. Da a ce yana da birki mai kyau gaba da baya, wajen mita 9 ya ishe shi.

Mita 22 ɗin nan fa ita ce iyakar abin da za a samu idan komai lafiya yake, wato birki yana iya kai taya gab da kullewa. Duk wata tsatsa, ko sassauci, ko ɗigon mai, ƙari ne a kan wannan.

A fara daga tafin ƙafa

Idan aka ce birki ba ya kamawa, hankalin mutane kan tafi kai tsaye ga lainin birki, wato abin da ke goguwa da ƙarfe. Wani lokaci shi ɗin ne. Amma a waɗannan babura babu man birki, babu bututu. Ƙarfin ƙafarka yana bi ne ta hannu-da-hannu, daga feda zuwa fil, daga fil zuwa rodi, daga rodi zuwa wani hannun ƙarfe, kafin ya isa inda ake gogayya. Kowace mahaɗa a wannan hanya tana iya cinye nata kason. Don haka mafi sauƙin bincike shi ne a ɗaga tayar baya sama, wani ya danna feda a hankali da hannu, kai kuma ka durƙusa kana bin motsin da ido. Abin da kake nema shi ne wurin da wannan ƙarfe ya motsa amma na gabansa bai motsa ba tukuna.

Feda liba ce, irin sandar da ake sa wa dutse a ƙasa a banƙare abu mai nauyi. Idan daga madogararta zuwa inda ƙafa ke takawa santimita 20 ne, daga madogara zuwa inda rodi ya maƙale kuma santimita 5, to tana ninka ƙarfi sau huɗu: ka taka da nauyin kilo 15, rodi ya ja da kilo 60. Sai dai ba ƙarfi kawai take ninkawa ba, har da sassauci. Ramin fil da ya cinye ya zama kamar ƙwai da milimita 2 kacal, a wajen ƙafa milimita 8 ne na tafiyar banza. In mahaɗai uku suka yi haka, ka ga an tashi da milimita 24. Feda za ta kai ƙarshen zangonta, ta daki firam ko ƙasa, birki bai gama matsewa ba. Mai babur sai ya ɗauka lainin ne ya ƙare, ya saya sabo ya sa, matsala tana nan daram.

Gyaran wannan ba shi da tsada. A sake fil da sabo daidai ramin, ko a faɗaɗa ramin a sa masa bushi, ko a cike shi da walda a sake hudawa. Kowane fil a kulle shi da ɗan fil ɗin nan mai ƙafa biyu da ake tanƙwarawa, sabo, ba ƙusa ko guntun waya ba, domin girgizar injin mai silinda ɗaya tana fitar da duk abin da ba a kulle ba. Rodi kuma ya zama miƙaƙƙe. Lanƙwasasshen rodi sifirin ne: kana takawa yana miƙewa, ƙafarka tana jin laushi, ƙarfi kuwa bai isa ba. Madogarar fedar da ta yi tsatsa ita kuma sharrinta biyu ne, tana cin ƙarfi wajen takawa, sannan tana hana feda dawowa, birki ya yi ta goguwa yana zafi ana tafiya.

Gargaɗi ɗaya ga mai walda. Wasu magungunan feshin wanke birki suna ɗauke da sinadarai masu kulorin, kuma zafi da hasken walda suna iya mayar da ragowarsu fosjin, iskar gubar da aka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ƙarfen da za a yi wa walda a goge shi da burushin waya, kada a fesa masa irin wannan.

Faranti a kan taya

Mafi arha a cikin birkunan shi ne farantin ƙarfe da feda ke dannawa kai tsaye a kan robar taya. Ba shi da laini. Tayar ce lainin. Shi ya sa duk abin da ya shafi taya ya shafe shi. Iska ta yi ƙasa, taya ta lotsa a ƙarƙashin farantin maimakon ta yi turjiya. Roba ta shekara hamsin ta ƙeƙashe, ta yi santsi kamar leda. Ruwa ko laka suka shiga tsakani, sai dai addu'a. Akwai kuma abin da ake yawan mantawa: idan aka ja taya don ɗaure sarƙa, tazarar da ke tsakaninta da farantin ta canja, dole a sake daidaitawa. A duba fuskar farantin ma, domin shekaru na guga suna siranta shi har gefensa ya yi kaifi ya riƙa yankar taya.

Masu son a bar babur yadda ya fito daga kamfani suna riƙe da wannan birki, kuma don ajiya ko baje koli babu laifi. Amma babur da yaro zai hau yau da gobe, a ganina, ya wuce a bar shi da faranti kaɗai.

Ɗamara, ko darasin igiya da turke

Na biyu shi ne birkin ɗamara: siririn ƙarfe mai laini a ciki da ya zagaye wani kwano mai juyawa. Ɗaya bakin ɗamarar a kafe yake a jiki, ɗayan kuma feda ce ke jan sa.

Duk wanda ya taɓa ganin an naɗa igiyar sa a jikin turke ko bishiya ya san sirrin. Zagaye biyu ko uku kawai, yaro ma sai ya riƙe san da ya fi ƙarfin maza uku. Ƙa'idar lissafin wannan tana ɗauke da sunayen Leonhard Euler da Johann Eytelwein, kuma abin da take cewa shi ne riƙon yana ninkuwa ne, ba ƙaruwa ba, gwargwadon tsawon naɗi da kuma gogayya. Ɗamarar da ta rufe kashi uku cikin huɗu na kwano, da ma'aunin gogayya 0.35, ja a kafaffen bakinta ya ninka ja a bakin feda fiye da sau biyar. Bambancin da ke tsakanin biyun, wato ninki huɗu da ɗoriya na abin da ƙafa ta bayar, shi ne ƙarfin birkin.

To ga inda ake samun matsala. Wannan riba tana samuwa ne kawai idan juyawar kwanon tana jan ɗamarar daga wajen kafaffen baki, tana ƙara naɗe ta. Idan wanda ya taɓa babur a baya ya juya ta, ya kafe bakin da ya kamata feda ta ja, sai ya zamana ƙafarka ce ke riƙe da ɓangaren sa, turke kuma yana riƙe da ɓangaren yaro. Lissafin ya nuna ƙarfin birki zai faɗi zuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar. Laini sabo, komai tsaf, birki kuwa babu. Alamar gane shi mai sauƙi ce: ka tura babur baya ka taka, ya kama ƙam; ka tura gaba, ya yi ta silalewa.

Mai kuma ya fi yi wa ɗamara ɓarna fiye da yadda ake zato. In gogayya ta faɗi daga 0.35 zuwa 0.1, za ka yi tsammanin birki ya ragu sau uku da rabi. A'a, wajen sau bakwai yake raguwa, saboda ninkin nan da muka ambata. Kuma a babura da dama, kwanon da ɗamara ta zagaye shi ne kwanon kuloci kansa, dab da sarƙar da ake shafa wa mai, dab da bushin kulocin da shi ma ake ɗiga masa mai. Lainin da ya sha mai ba ya wankuwa, domin man yana shiga cikinsa; an goge sama, zafi ya sake fito da na ciki. Sai dai a sake shi.

Wannan tsari na birki a jikin kuloci yana da wani aibi da babu gyaran da ke kawar da shi. Birkin ba taya yake riƙewa ba, kwanon kuloci yake riƙewa, sarƙa ce ke kai saƙon zuwa taya. Sarƙa ta faɗi ko ta tsinke, birki ya tafi tare da ita a daƙiƙa guda. A irin wannan babur, duba sarƙa da haƙoran farantinta da ɗan makullin da ke haɗa bakinta duk aikin birki ne.

Kafin a buɗe duram

Na uku shi ne duram, wanda takalma biyu masu siffar jinjirin wata suke buɗewa a cikinsa su matse bango. Shi ne a kan Honda da manyan samfuran Amurka, kuma shi ne dai har yau a tayar bayan baburan acaɓa irin su Bajaj Boxer, don haka duk bakaniken babur ya san cikinsa.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne ƙurar da ke ciki. Lainin birki na wancan zamani yawancinsa da asbestos aka yi shi, wani ma'adini mai siraran zaruruwa da ke jure zafi. In aka shaƙe su suna maƙalewa a huhu, kuma suna haddasa kansar huhu da ta fatar da ke lulluɓe da shi, wadda sau da yawa ba ta bayyana sai bayan shekaru ashirin zuwa arba'in ko fiye. A Maris 2024 ne hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da dokar haramta nau'insa na ƙarshe da ake amfani da shi a ƙasar. Ido ba ya bambance laini mai asbestos da marar shi, saboda haka duk tsohon laini a ɗauke shi a matsayin mai shi. Kada a hura da baki, kada a hura da iskar kwamfireso, kada a goge shi da samfefa. A jiƙa da ruwan sabulu, a share da jiƙaƙƙen tsumma, a ƙulle tsumman da tsofaffin takalman a leda.

Tsofaffin takalma ko da sun yi kauri a ido, a sake su. A ƙananan baburan Honda da yawa, laini yana zuwa da kaurin milimita 4, iyakar amfaninsa milimita 2, cikin duram kuma milimita 110 ne, in ya kai 111 ya ƙare. Amma kauri ba shi ne kaɗai abin dubawa ba. Lainin manne shi aka yi da gam a jikin takalmin alminiyum, kuma bayan shekaru na danshi alminiyum yakan yi farin gari a ƙarƙashin gam ɗin. Wata rana laini ya ɓalle gaba ɗaya ya cushe tsakanin takalmi da duram, taya ta kulle ana cikin gudu.

Abin da ke buɗe takalman wani gajeren ƙarfe ne mai faɗin baki kamar na sukudireba, ana ce masa kam. Yana ratsa murfin duram, a waje kuma an ɗaura masa hannun da rodi ke ja. Kam ƙarfe ne, murfi alminiyum, kuma in ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu da danshi sai su zama kamar ɗan batir, alminiyum ya riƙa ciwuwa, garin da yake fitarwa ya cika ramin har kam ya ƙame. Guduma ba ta da amfani a nan, fasa murfin kawai za ta yi. A zuba man sassauta tsatsa a bar shi ya kwana, sannan a ɗumama murfin da tafasasshen ruwa. Alminiyum yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, don haka ramin zai fi kam ɗin faɗaɗa. In ya fito, a goge shi ya yi sumul, a shafa masa giris mai jure zafi ɗan kaɗan. Kaɗan fa, domin abin da ya yi yawa kan laini zai ƙare.

Kusurwar da ke tsakanin rodi da hannun kam ita ma lissafi ce. Ja ya fi tasiri idan su biyun sun yi kusurwar digiri 90 a daidai lokacin da birki ya matse. A digiri 120 ana samun kashi 87 cikin ɗari, a 150 rabi kawai. Yayin da laini ke cinyewa, hannun yana ƙara tafiya ya wuce 90, birki ya riƙa rauni ko da ana ta ɗaure notin rodi. Dabarar da wasu ke yi ita ce su cire hannun su matsar da shi haƙori ɗaya ko biyu baya. Kusurwa ta gyaru, gaskiya ne, amma takalman da suka ƙare suna nan, kam kuma zai riƙa juyawa fiye da kima har wata rana ya miƙe a gicciye tsakanin takalman ya ƙi dawowa. Shi ya sa Honda take buga ɗigo a kan kam da kan hannun, don a daidaita su da juna a bar su haka.

Sai a duba abin da ke hana murfin duram juyawa tare da taya, ko wani harshe da ke shiga firam, ko sandar ƙarfe mai noti. Duk ƙarfin birki a kansa yake sauka. In ya kuɓuce, murfin zai juya ya naɗe rodi, ya fizgi feda ƙasa.

Haɗawa da gwaji

Cikin duram a goge shi da samfefa mai laushi har tsatsa da sheƙi su fita. Don a san ko sabon laini ya zauna daidai, a zana masa layuka da alli, a haɗa, a juya taya ana ɗan taɓa birki, a sake buɗewa. Inda alli ya goge nan ne kaɗai ke aiki. Sabbin takalma a tsohon duram sau da yawa tsakiyarsu kawai ke taɓawa, sai an ɗan rage tudun. Wajen ɗaure notin aksil, a taka birki a riƙe sannan a ɗaure, domin takalman su tsayar da murfin a tsakiyar duram da kansu. Sifirin na ciki da na feda a sa sababbi. A ƙarshe a daidaita notin rodi yadda feda za ta yi tafiyar milimita 20 zuwa 30 kafin birki ya fara kamawa, wanda shi ne abin da Honda ta saba bayarwa, taya kuma ta juya sakayau in an ɗaga ƙafa.

Gwajin farko ba a yin sa da inji. Mutum ya hau, wani ya tura shi da gudu a fili, ya taka. Birkin kirki zai kulle taya ta ja ƙasa, ya kuma saki nan take. Bayan haka a kunna, a yi ta tsayawa a hankali daga ƙaramin gudu, ana barin duram ya huce a tsakani. Dalilin hucewar shi ne birki ba ya hallaka makamashin gudu, zafi yake mayar da shi. Kilo 100 a gudun kilomita 40 a awa yana ɗauke da jul 6,000 da 'yan kai, wanda ya isa ya ɗaga zafin kwanon ƙarfe mai rabin kilo da digiri 27 a tsayawa ɗaya. Gangara mai zurfin mita 50 kuwa ta ninka wannan sau takwas. Sabon laini da aka ƙona tun bai zauna ba yakan yi sheƙi kamar gilashi, riƙonsa ya ragu.

Idan an yi duk wannan, birki ya kama da kyau a gwajin turawa amma ya yi rauni da inji a kunne, to a bar birki a koma kan kafireta. Silo da ya yi sama, ko wayar totur da ba ta dawowa gaba ɗaya, ko sifirin kuloci da ya saki, duk suna sa kuloci ya ci gaba da ja alhali an saki totur, birki yana kokawa da doki uku ko biyar ban da nauyin babur. A ɗaga tayar baya, a bar inji a silo: in taya tana juyawa da ƙarfin da tafin takalmi ba zai tsayar da ita cikin sauƙi ba, a rage silo har ta tsaya, sannan a tabbatar maɓallin kashe inji yana aiki kuma yana inda babban yatsa zai kai gare shi ba tare da an saki kan babur ba.